Yayana, rusau, da likitar da ta rage hasken fitila

A gidanmu ba a taɓa cewa Yaya ba shi da lafiya ba, balle a san yana da otizim, larurar da ake haihuwar mutum da ita, mai shafar yadda yake mu'amala da mutane da yadda yake jin ƙara da haske. Miskili dai ake ce masa, in kuma ya ƙure Gwaggo ta ce hali zanen dutse, haka kakanmu na wajen uba yake. Shi ne ɗan fari a ɗakinmu, a Jidda aka haife shi a 1978, ni ce ta huɗu. Tun da na yi wayo na san ba ya cin shinkafar da miya ta taɓa, sai an zuba masa kowace a kwanonta. Ba ya shiga ɗakin da aka sa turaren wuta. In ka ce masa "ina gajiya?" sai ya ɗan yi shiru yana sauraron jikinsa, sannan ya ce akwai gajiya, a kafaɗar hagu. Baƙi su fashe da dariya, su ce wannan ɗan uwa naku akwai barkwanci. Shi kuwa ko murmushi babu, tambayarsa aka yi ya ba da amsa.

Sana'arsa gyaran keken ɗinki, kuma ba don yayana ne ba, a duk Karantina, unguwarmu a Jidda, ban san wanda ya kama ƙafarsa ba. Singer ce, Butterfly ce, Juki ce ta lantarki, mace za ta kira waya ta taka keken, ya saurara, ya gaya mata abin da ya kwance tun bai gani ba. Ciniki ne kawai ba ya yi. In ya faɗi kuɗi, kika ce "haba Malam, a rage mana," zai maimaita miki kuɗin da murya ɗaya, ba fushi ba fara'a, har ki gaji ki biya. Asuba a masallaci ɗaya, a sahun farko, can ƙarshen dama jikin bango. Daga nan burodin tamis da ful a wajen mai gashi ɗaya. Sai shagonsa, wani ɗan lungu a ƙarƙashin matakala, da tsohuwar rediyon kaset tana karatun Shehu Ali Jabir a hankali. Haka ya yi fiye da rabin rayuwarsa.

Yanzu in na duba baya, al'adarmu ta rufa masa asiri ta wasu fuskoki. Yaron da ba ya kallon babba a ido, mu ladabi muke kiransa. Wanda ba ya surutu a cikin mutane, mai kunya ne. Wanda yake rangaji gaba da baya in yana karatu, ai duk almajiri haka yake yi. Wanda ya haddace izu goma ba tare da an doke shi ba, baiwa ce. Salla biyar a kan lokaci, sahu a miƙe, kowa ya san abin da zai biyo bayan wane, wannan kuwa kamar don shi aka tsara. Inda al'adar take cin amanarsa shi ne wajen taro: biki, suna, guɗa, lasifika, hayaƙin turare, mata arba'in kowace tana son a gaishe ta gaisuwa mai tsawo. Ranar biki Yaya kan ɓace, a same shi a shago ya kulle kansa, a yi ta faɗa cewa ba ya son zumunci.

A ƙarshen 2021 aka fara rusau a kudancin Jidda. Aka bi bango ana fesa jan fenti cewa a tashi. Sabil, Kandara, Gulail, Bitrumin, har aka iso Karantina. Unguwanni sama da 60 ne aka sa a lissafin. Kowa ya ji a jikinsa. Maƙwabtan da Inna ta zauna da su tun tana amarya suka watse, wasu Makka, wasu Bahra, wasu suka tattara suka koma Kano da Damagaram, ƙasar da 'ya'yansu ba su taɓa gani ba. Mu muka sami gidan haya a bene, can gabas bayan titin Haramain. Inna ta yi kukanta ta share hawaye, ta fara neman inda ake sayar da kuka da daddawa a sabuwar unguwa. Mu ma kowa ya kama gabansa.

Yaya ne bai kama ba. Da farko ya daina zuwa masallaci, shi da ko zazzaɓi bai hana shi asuba. Sai ya daina taɓa kayan aikinsa, suna nan a kwali yadda aka ɗaure su. Sai magana ta ragu, ta koma "i" da "a'a", daga baya ita ma ta ɗauke. Ya rame. Da dare mu ji shi yana zagaye falo, hannuwa a kunne. Wata rana yara suna guje-guje a matakala, na'urar sanyaya ɗaki tana ƙara, Gwaggo ta sa turare, sai ya durƙusa yana buga goshinsa da bango. Mutum mai shekara arba'in da huɗu, mai furfura a gemu.

Ba sai na gaya muku abin da aka fara cewa ba: gidan yana da mutanen ɓoye, ko kuma wani ne ya yi masa baki saboda sana'arsa. Aka kawo mai ruƙiyya. Ni ban raina ruƙiyya ba, Alƙur'ani waraka ne, kuma babu wanda ya kai Yaya son jin karatu a gidanmu. Amma wannan bawan Allah da 'yar lasifikarsa ya zo, ya kafa masa a kunne, samari biyu suka danne kafaɗunsa, aka cika ɗaki da hayaƙi. Mutumin da ƙarar fitila ma take damunsa. Da ya fara ihu yana fizge-fizge sai aka ce ga shi nan, aljanin ya ji wuta. Inna ce ta tsayar da abin. Daga bayan labule ta ce, "Malam, a dakata haka nan. Yaron nan tun yana goye ba ya son ƙara."

Maganar asibiti kuwa sai da aka kai ruwa rana. Duk wanda ya girma a Hijaz ya san in aka ce wa mutum "sai Shihar", an gama zaginsa, yadda mutanen Kano suke cewa Dawanau. Asibitin Shihar da ke Ɗa'ifa shi ne asibitin ƙwaƙwalwa na farko a Saudiyya, kuma a kunnen tsofaffinmu duk wanda ya je wajen likitan ƙwaƙwalwa to can zai ƙare, a bayan ƙofar ƙarfe. Abubuwa sun canja. Tun 2014 akwai dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da ta fayyace haƙƙin majinyaci da sharuɗɗan kwantar da shi, asibitocin gwamnati na wannan fanni yanzu Irada ake kiransu, yawancin masu zuwa ma ganin likita suke yi su koma gida. Amma tsoro ba ya karanta doka. Babban binciken lafiyar ƙwaƙwalwa na ƙasa, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2019, ya nuna kashi 34 cikin ɗari na 'yan Saudiyya sukan gamu da wata larurar ƙwaƙwalwa a tsawon rayuwarsu, kuma wajen kashi 80 na waɗanda tasu ta yi tsanani ba sa neman magani ko kaɗan. 'Yan ƙasa ke nan, masu asibiti kyauta. Mu masu iƙama, wato takardar zama ta baƙi, ba a ma sa mu a lissafin ba.

Likitan farko da muka gani, a wani asibitin kuɗi, bai kai minti goma da mu ba. Ya ce Yaya ya kalle shi, Yaya bai kalla ba. Ya tambaye shi ko yana jin muryoyi. Yaya ya buɗe baki a karon farko cikin makonni ya ce i, yana ji. Gaskiya ya faɗa: yana jin muryar likitan, da ta mata biyu a bakin ƙofa, da ta mai kiran lamba. Likita ya rubuta abin da ya rubuta, ya ba da ƙwayoyi masu nauyi irin na masu gane-gane. Buga kai ya tsaya, ba shakka. Komai ma ya tsaya. Yaya ya koma zaune kamar buhun gero da aka jingina da bango, hannunsa na rawa, wannan hannun da yake zura zare a allura ba tare da ya duba ba. 'Yan uwa suka ce alhamdu lillahi, ya samu sauƙi, ya yi shiru. Ni abin ya tsaya mini a rai, don sauƙin namu ne, ba nasa ba.

Wata ƙawata mai aikin jinya ce ta haɗa mu da likita ta biyu, 'yar Sudan, dattijuwa. Da ta ji muna Hausa da Inna sai ta ce "sannu", ta ce a Gadarif ta girma, maƙwabtansu duk Hausawa ne. Kafin ta yi wa Yaya tambaya ko ɗaya, sai ta lura yana ƙifta ido yana kallon silin. Ta tashi ta kashe doguwar fitilar, ta bar ƙaramar ta tebur. Ta ja kujerarta gefe yadda ba za su fuskanci juna ba. Ta ce, "Ustaz, ba sai ka kalle ni ba. In magana ta yi maka nauyi ga takarda ga biro." Ta gaya masa minti nawa za su yi, da abin da za ta tambaya, da cewa ba allura ba kwanciya. Na ga kafaɗunsa sun sauka.

Sauran aikin da Inna aka yi shi, a zama daban-daban, domin likitar otizim take zargi, wanda a nan ake ce wa tawahhud, shi kuwa ba a gano shi da gwajin jini ko hoton kai. Tarihi ake bi tun daga yarinta. Yaushe ya fara magana? Yana wasa da yara ko shi kaɗai? Yana nuna abu da yatsa don a gani tare da shi? Me yake yi in an canja masa hanya? To ga Inna, Bahaushiyar asali, ga ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta zama ta yi hirarsa. "Yaron nan" take cewa, tana kallon tabarmar ƙasa. Na ji tsoron kada likita ta ɗauki alkunya a matsayin rashin ƙauna, don an taɓa yin wannan ɓarnar a ƙasashen Turawa. Bayan Leo Kanner ya bayyana larurar a Amurka a 1943, daga yara 11 da ya duba, an shafe shekaru ana ɗora wa iyaye mata laifi, wai sanyin zuciyarsu ne ya sa yaran suka janye. Likitarmu dariya ta yi, ta ce ta san kunyar ɗan fari tun tana yarinya. Kuma ashe Inna ba abin da ta manta: yadda yake jera murafun kwalba bisa launi, yadda ya yi kwana biyu bai ci abinci ba don an canja masa kwano, yadda ya kwance agogon Baba yana ɗan shekara bakwai ya mayar da shi yana aiki. Shekara arba'in tana riƙe da waɗannan, ba wanda ya taɓa tambayarta.

A zaman ƙarshe ta yi tambayar da na san tana cinta: "Likita, ko wani abu na yi ba daidai ba?" Likita ta ce a'a, Hajiya, yawancinsa gado ne. Wani bincike na 2019 da ya bi mutum miliyan 2 a ƙasashe 5 ya kiyasta rabon gado da kusan kashi 80 cikin ɗari. Inna ta yi shiru, can ta ce, "To ai kakansa ne." Likita ta kuma gaya mata cewa ko a Landan aka haifi Yaya a 1978, da wuya a gane shi, domin a lokacin yaron da ba ya magana kwata-kwata ake nema. Sai a 1981 wata likita 'yar Ingila, Lorna Wing, ta jawo hankali ga masu magana da ƙwazo irinsa. Cibiyar otizim ta Jidda kuwa a 1993 aka buɗe ta, lokacin Yaya ya riga ya fara koyon sana'a, kuma don yara aka yi ta. Har gobe yawancin abin da ake tanada a wannan fanni na yara ne, kamar dai in sun girma larurar takan bar su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kiyasta kusan yaro 1 cikin 100. To waɗancan yaran na shekarun baya suna ina? Suna nan cikinmu, sun yi gemu, sun yi jikoki, ana ce musu miskilai.

Abin da ya fi tsaya mini a bayaninta shi ne yadda ta raba abu biyu. Ta ce Ustaz yana da otizim, da shi aka haife shi, da shi zai koma ga Allah, babu ƙwayar da take cire shi, kuma ita ba ta ga abin cirewa ba. Sannan yana da ciwon damuwa mai tsanani, wanda ya same shi saboda duk abin da ya jingina rayuwarsa a kai an kwashe shi cikin mako guda, wannan kuwa ciwo ne, ana maganinsa. Ta janye ƙwayoyin farko a hankali, kaɗan-kaɗan, ta gargaɗe mu kada mu kuskura mu tsayar da su rana ɗaya da kanmu. Ta ba da maganin damuwa. Ta tambaye shi kai tsaye, ba kwana-kwana, ko ya taɓa tunanin gara ya mutu. Ni na ji kamar in nutse. Ya rubuta a takarda: "I. Amma haramun ne." Daga baya ta gaya mini dole ne a tambaya, domin a wani bincike da aka yi a Ingila a 2014 kan manya 374 da aka gano larurarsu bayan sun girma, kashi 66 sun ce sun taɓa irin wannan tunani. Mu muna ganin mutum shiru-shiru sai mu ce ba ruwansa, ba abin da ke damunsa. Wanda yake ƙasar nan ya ji kansa ko wani nasa a irin wannan hali, akwai layin cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, 920033360, akwai kuma 937 na ma'aikatar lafiya.

Kan addu'a ba ta yi jayayya da Inna ba ko kaɗan. Ta ce su a Sudan, Tijjani Al-Mahi, wanda ya buɗe asibitin ƙwaƙwalwa na farko a Khartum Bahri a 1949, da shehunnai da malaman tsubbu ya yi aiki, bai kore su ba. Ta ce a yi tofi, a sha zamzam, a yi karatu, amma da muryar da shi zai iya ɗauka, kuma kada a sake danne shi.

Sauran maganin a gida aka yi shi, kuma mu aka fi ba aiki, ba shi ba. Aka cire doguwar fitilar ɗakinsa, ashe wani zuuu take yi da mu ba ma ji. Turare ya koma baranda, abin da Gwaggo har yau ba ta yafe ba. Aka sayo masa abin rufe kunne irin na ma'aikatan filin jirgi. Aka rubuta tsarin yini aka manna a bango, in baƙi za su zo a gaya masa tun jiya, da ƙarfe nawa, su wa da wa. Mijina ya zaga da shi masallatan unguwa har ya zaɓi ɗaya, ya yi magana da ladan, yanzu ƙarshen sahu na dama jikin bango an san na wane ne. In ya fara rangaji ko yana jan carbi da sauri ba a cewa ya bari, don da shi yake kwantar da kansa. Biki kuwa an yi yarjejeniya: zai zo ya gaida manya, ya ci abinci a kwanonsa, ya tafi, ba mai cewa komai.

Akwai shawara ɗaya da na ji tsoronta. Likita ta ce a kai shi ya ga tsohuwar unguwa, don a ranar tashi an sa shi a mota ne kawai cikin gaggawa, bai ga ƙarshen abin da idonsa ba. Muka sa rana, muka je. Fili fetal, sai ɓaraguzai da iskar teku. Ya tsaya ya duba gabas ya duba yamma, ya fara taku yana ƙirgawa, ya karya kwana inda babu kwana, ya tsaya a wani wuri ya ce nan ne shago. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce mu tafi, la'asar ta kusa. A satin ya kwance kwalin kayan aiki. Yanzu tsofaffin masu kawo masa gyara, waɗanda suka watsu, suna turo ƙarar kekensu ta WhatsApp, ni nake karɓa in kunna masa.

Wani masani ɗan Ingila, Damian Milton, wanda shi kansa yana da otizim, ya rubuta a 2012 cewa rashin fahimtar da ke tsakaninsu da sauran mutane ta ɓangare biyu ce: yadda suke kasa karanta mu, haka muke kasa karanta su. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Mu Hausawa rabin maganarmu a lulluɓe take. "Sai na duba" tana nufin a'a. "Ku zo mu ci" ba lallai a zo ba. Yaya ya yi shekara arba'in yana ƙoƙarin haddace waɗannan ƙa'idoji da ba wanda ya rubuta, yana faɗuwa ana dariya. Mu ko sau ɗaya ba mu zauna mun koyi nasa ba, alhali nasa ya fi sauƙi: faɗi abin da kake nufi.

Ni ma ban fita salin-alin daga ɗakin likitar nan ba. Tana lura da ni ashe: na manta katin ganin likita, na katse ta a tsakiyar magana, na zo a makare, na zo ranar da ba ita ba. Ta miƙo mini wata takarda mai tambaya 6 ta Hukumar Lafiya ta Duniya, daga nan ta tura ni wajen abokin aikinta aka yi doguwar hira, har da tambayar yadda nake kafin in kai shekara 12. Aka ce ina da larurar watsewar hankali da yawan motsi, wadda take tare da manya 2 zuwa 3 cikin 100. Ni da aka yi wa laƙabi da mai rawar kai tun ina firamare, mai ƙona tukunya, mai ɗinki goma ba ko ɗaya da ya kai ga guga. Mata irina da yawa ba a gane su, don ba ma hawa bango, a cikin kai guguwar take. Da aka zo maganar magani mijina ya ce sam, ai wannan ɗan uwan kabtagon ne, ƙwayar nan da ake sha don a bugu. Ban ga laifinsa ba, duk wanda yake ƙasar nan ya ga abin da kabtagon ya yi wa samari. Kuma akwai ƙamshin gaskiya a tarihin: a Jamus aka fara haɗa shi a 1961, har an yi amfani da shi wa yara masu irin larurata, kafin a haramta shi a shekarun 1980. Amma abin da ake fasa-ƙwaurinsa yau jabu ne, ba wanda ya san me aka cusa a ciki. Wanda likita yake bayarwa, irin su Ritalin da Concerta, wani sinadari ne daban, da takarda ta musamman ake sayensa, da awo, ana duba hawan jini da barci da cin abinci. Yana taimaka mini, bai mayar da ni wata mace daban ba. Ranar sabunta iƙama da biyan haya dai na miƙa wa maigida, na huta ya huta. Akwai ƙungiyar Ishraƙ a Riyad da take wayar da kai kan wannan larura, da Larabci, ga mai so.

A intanet za ka ga masu cewa wannan duk baiwa ce, ba larura ba. Tunanin cewa ƙwaƙwalwar mutane iri-iri ce kamar yadda harsuna da launuka suke, wanda wata 'yar Ostareliya, Judy Singer, ta yi rubutu a kansa a ƙarshen shekarun 1990, ya yi mini daidai, kuma bai saɓa wa abin da aka koya mana game da halittar Allah ba. Amma a yi hattara. A tsohuwar unguwarmu akwai wani saurayi da bai taɓa furta kalma ba, uwarsa ce take masa wanka har yau, bayanta ya ƙage. Je ka gaya mata baiwa ce. Mu kuma namu salon shi ne "haka Allah ya yi shi." Magana ce mai kyau, ita ta hana a kori Yaya daga gida ko a ɗaure shi. Sai dai sau da yawa da ita muke rufe zancen: tunda haka Allah ya yi shi, ba sai an tambaye shi me ke damunsa ba, ba sai an kashe kuɗin likita ba, ba sai an daina turare ba.

Kuɗin kuwa ba wasa ba ne. Cikin Hausawan Hijaz akwai 'yan ƙasa, jikokin waɗanda suka zo tun da ƙafa ta Sudan suka ƙetaro daga Sawakin, su asibitin gwamnati nasu ne. Akwai irinmu, haifaffun nan amma da iƙama, sai abin da inshorar wurin aiki ta ɗauka, sauran daga aljihu. Akwai kuma waɗanda ba su da takarda ko ɗaya, waɗanda ko ciwon haƙori sai ya kai maƙura suke tunkarar asibiti, balle wannan. Mu adashen Inna ne ya tafi a kan Yaya, da kuɗin wasu 'yan awarwarona.

Yanzu rigimar da ake ciki ta aure ce. Baffa ya dage cewa duk wannan surutun likita ne, aure ne maganinsa, a samo yarinya daga gida a kawo, ba sai an yi mata dogon bayani ba, in ta zo ta gani. Na ce, "Baffa, Allah ya ba ka haƙuri, wannan zalunci ne a kan mutum biyu." Ya ce yaushe na yi girman da zan gaya masa haka. Inna ba ta ce uffan ba, amma da daddare ta aike ni in tambayi yaron nan ko shi yana so. A iya sanina wannan ne karon farko da aka nemi ra'ayinsa a kan maganar.

Ya ce a ba shi mako guda. Ranar da mako ya cika, bayan isha'i, ya miƙo mini takarda. Yana so, in ji takardar, bisa sharaɗi: a gaya mata komai tun kafin a kai kuɗi, ta zo su zauna da shi da likitarsa ta yi duk tambayar da take so, kada ta zama yarinya ƙarama, ba kiɗa ba taron maza, yana buƙatar awa biyu shi kaɗai kullum bayan la'asar, kuma wannan ba fushi ba ne, ba turaren wuta a ɗakin kwana. Da aka karanta wa Baffa ya ce a duk ƙasar Hausa ba macen da za ta yarda da na ƙarshen, ya shura takalmansa ya fita. Gwaggo kuwa, wadda ta fi kowa jin haushin dokar turare, ta ce a dakata tukuna, ita ta san wata bazawara a Makka, wajen Shara Mansur, mai ɗinki ce, kuma asma gare ta. An bar maganar sai bayan aikin hajji.